Sau Uku Ina Kwance Sifikar Mutane, Ashe Kunnena Ne

Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni da shawara. Tsoro ya hana ni sakat, kuma na rasa wanda zan buɗe wa cikina. Yau kwana goma sha ɗaya ina yawo da maganar nan ni kaɗai. Sau biyu ina rubuta miki ina gogewa, wannan ta uku ce, na kuma san in na tsaya gyara ta ba za ta taɓa isowa gare ki ba, don haka ki yi haƙuri da yadda ta zo a hargitse.

Sana'ata haɗa kayan kallo da na sauti a gidajen mutane. Shago gare mu ni da yayana, shi ke zama a kanta yana sayarwa, ni nake fita aiki. Idan mutum ya sayi talabijin da amfilifaya da sifiku, ni zan je in huda bango, in bi da waya ta bayan kujeru yadda ba mai ganinta, in ɗora kowace sifika inda ya kamata, sannan in zauna a tsakiyar falon in rufe ido in saurara, ina ƙara nan ina rage can, har sai sautin ya zauna daram a tsakiya. Shekara goma sha shida ke nan. Ba yabon kai ba, da kunnena aka san ni. Abokan sana'a suna yawo da na'urar auna sauti, wasu ma manhaja ce a waya, ni kuwa dariya nake musu, ina cewa wanda Allah ya ba kunne me zai yi da na'ura. Ko daga bakin ƙofa na tsaya zan gaya wa mai gida an juya masa wayar sifika ɗaya, a duba a tarar haka ne.

Kuma ina da baki, Gwaggo, wannan ba zan ɓoye miki ba. Ba abin da ke ba ni haushi kamar mutum ya sayi talabijin mai faɗin ƙofa, siririya kamar faranti, ya manna a bango, ya zauna yana jin muryarta haka nan ba sifika ba komai, yana cewa ai ta isa. Ina za ta isa? Masu jin waƙa da bakin wayarsu kuwa, ɗan ramin nan na ƙasa, na sha gaya musu sauro suke saurare a cikin gwangwani. Har mai askin da ke kusa da shagonmu ya daina kunna wayarsa in ina wurin, saboda tsiyar da nake masa. A falona sifiku biyar ne da wufa, babbar sifikar nan mai gurnani, a ƙarƙashin tebur, falon kuwa taku shida ne ka kai bango. Matata ta yi mita har ta gaji. Tana cewa kofunan cikin kabad suna kaɗawa, yara suna kukan ciwon kai, maƙwabta sun fara gaishe ta a daƙile. Ni kuma in ce mata ba ta san daɗin abu ba.

Sai kuma iyafis. Tun da aka fara kawo marasa wayar nan, ƙanana masu shiga cikin kunne su toshe, ban rabu da su ba. Amma ɗaya nake sawa, na hagu, in bar kunnen dama don jin mai saye ko yayana in ya yi magana. Da shi nake amsa kira, da shi nake jin labarai da waƙa, a kan babur, a bakin titi, a gidan da ake gini injin yanka tayil na ihu a gefena. In hayaniya ta yi yawa sai in ƙure ƙarar. Wayar takan nuna mini gargaɗi, in danna in wuce, har na gano inda ake kashe gargaɗin gaba ɗaya na kashe, ina jin kaina gwani. Ga kuma wata ɗabi'a ta aiki. In ina neman inda sifika ke karkarwa, sukudireba na hannun dama, sai in manna kunnen hagu a jikinta tana bugawa. Haka na koya, haka na yi shekara da shekaru.

Wajen shekara guda ke nan na fara jin wani siririn fito, irin wanda tsohuwar talabijin mai ƙeya ke yi in an kunna ta. Na ɗauka wata caja ce a gidan. Na bi soket-soket ina cirewa, na ɗora wa cajar matata laifi na ce 'yar arha ce, na jefar na kawo mata wata. Fiton bai tafi ba. Na ce to firji ne. Ki duba fa, Gwaggo, fiton yana bi na har kan babur, amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wane irin firji ne ke hawa babur ba.

Abin da ya tona asirin aikin gidan wata tsohuwar malamar makaranta ne, wadda ta yi ritaya, 'ya'yanta suka haɗu suka saya mata kaya don ta riƙa kallon shirye-shiryenta. Aiki ne ƙarami, sifiku biyu, ɗaya ta gefen taga a hagu, ɗaya ta gefen ƙofa a dama. Na gama na zauna a kujerar tsakiya, sai na ji ta hagu tana magana ƙasa-ƙasa kamar an rufa mata bargo. Na canza waya, haka. Na sauke ta na kwance, na auna da mita, lafiyarta lau, na mayar, haka. Washegari na kawo sabuwa fil daga shago, na gaya wa yayana waccan da lahani ta fito daga kwali, shi kuma ya kira dillalin da ke kawo mana kaya ya wanke shi tas. Sabuwar ma haka. Ita ma na kwance ta na ɗaura, na sake kwancewa, sau uku ke nan ina buɗe cikin sifikun da ba abin da suka yi. Da na gaji sai na shiga amfilifaya na ƙara wa hagu ƙarfi, na ƙara, na ƙara, har sautin ya dawo tsakiya yadda nake so. Na tattara kayana na tafi ina cewa labulen tagar ne ke shanye sauti.

Bayan kwana huɗu malamar ta kira ni ta ce duk maganar daga gefen taga take fitowa, har kanta na sarawa. Na tafi raina a ɓace, ina cewa a zuciyata tsufa ne ya taɓa mata kunne za ta ɗora mini. Na zauna a kujerar na kunna, ga sauti nan cif a tsakiya. Na fara yi mata bayani da irin muryar nan da ake lallaɓa tsofaffi da ita, Allah ya yafe mini. Ta bar ni na gama. Sannan cikin sanyin murya ta roƙe ni in juya kujerar in ba talabijin baya, in sake saurare. Na yi don in rabu da ita.

Gwaggo, ina juyawa sai sifikar gefen taga, wadda na sha fama da ita ina cewa ba ta da ƙarfi, ta daki kunnena kamar za ta fasa shi, domin yanzu ita ce a damana. Ta gefen ƙofa kuwa, lafiyayyar da ban taɓa zargi ba, ta koma haguna ta yi ɗif, da ƙyar nake jin alamarta. Raunin bai zauna a bango ba, tare da ni ya juyo. Na sake juyawa, ya sake bi na. Nan take na gane kunnena na hagu ne. Malamar ba ta yi mini dariya ba, gara ma da ta yi. Ta kawo mini ruwa, ta ce shekara talatin ta yi tana lura da ɗaliban da ke karkato kai gefe ɗaya in ana karatu, kuma tun ranar da na fara shigowa gidanta ta ga ina miƙo mata kumatun dama duk sanda ta yi magana. Ta ce in je a duba ni. Na mayar mata da saitin tsakiya da lamba, ba da kunne ba, karo na farko a rayuwata, na fito ko sallamar kirki ban yi ba.

Da na koma shago na shige sito na rufo ƙofa, na toshe kunnen dama da yatsa. Titinmu da ba ya shiru, masu walda da janareta da hon ɗin motoci, duk ya koma nesa kamar a wata unguwa ake yi. Na murza yatsuna biyu a bakin kunnen hagu, ban ji komai ba sai fiton nan. Tun ranar nake wannan gwaji, a sito, a banɗaki, a bakin danja in ta tsayar da mu, wataƙila sau hamsin a yini, kullum ina fatan ya buɗe. Wani lokaci sai in ga kamar na daman ma ya fara rauni.

Sai na fara tuno gidajen da na yi aiki cikin watannin nan. Bakwai na tuna, kuma a kowanne na ƙara wa hagu. Wani mai kantin magani ya taɓa kira na a kan haka, na ce masa sai kunnensa ya saba. Sauran ba su ce komai ba, sun yarda da ni ne, suna zaune a falonsu suna jin sauti a karkace saboda an ce musu gwani ne ya saita. Ga dillalin da aka ci wa mutunci a banza. Duk sanda wayata ta yi ƙara sai in ce shi ke nan, an gano.

Amma ba wannan ne ya fi tsorata ni ba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, a injin niƙa ya yi aiki shekara ashirin da wani abu, kuma da kurumta ya ƙare. Na ga yadda abin yake. Da farko ana maimaita masa magana, daga baya ana ɗaga murya, daga ƙarshe aka daina sa shi a hira gaba ɗaya. Sai a zauna ana shawara a kan lafiyarsa yana wurin, ba mai kallonsa. In ya ga an yi dariya sai shi ma ya yi, bai san me aka ce ba. Ni da kaina na sha ce masa a bar maganar ba komai, don na gaji da maimaitawa, in ga ya sunkuyar da kai. Mutumin da a da gyaran muryarsa kaɗai ke tsayar da gida. Shekarata talatin da tara, Gwaggo, autata ba ta gama iya magana ba. Ina tsoron ranar da za ta gaya mini wani abu in yi mata dariyar nan ta mahaifina.

Ba wanda ya sani a gida. Matata ta ɗauka sabon wulaƙanci na tsiro da shi, domin sai ta kira ni daga kicin sau uku ban amsa ba, shekaranjiya har ta tambaye ni ko akwai abin da ta yi mini. Na ce babu, gajiya ce. Na canza wurin zamana a falo don ta riƙa kasancewa a damana, na kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan fim na ce don yara su koyi karatu ne. In na gaya mata na san kukan da za ta yi, na kuma san bayan kukan za ta ce ai ta faɗa, ta sa a kwashe sifikun falo, ba ni kuma da bakin musu. Yayana kuwa mutumin kirki ne amma ba ya haɗa ciniki da tausayi. Ina tsoron ya ce in dawo kanta in zauna, a ɗauko wani ya riƙa fita. In maganar ta fita kasuwa kuwa an gama da ni, wa zai kira kurma ya saita masa sauti?

Asibiti kuma ƙafata ta ƙi zuwa. Na yi kuskuren bincike a waya, na ga masu cewa datti ne kawai, na ga masu cewa jijiya ce in ta mutu ta mutu, na ga masu maganar ƙari a cikin kai, na kife wayar. Muddin ban je ba ina iya cewa wataƙila. Mai askin nan ya taɓa ba da labarin wani mai da ake ɗigawa a kunne, wai ba irin wanda ba ya buɗewa, har na karɓo kwalba na ce wa wani zan kai. Tana cikin jakar kayan aikina, ban buɗe ba tukuna.

Gwaggo, me zan yi? In ɗiga man in gani? In gaya musu ko in bari sai na tabbatar? Iyafis ɗin ne ya cuce ni ko sana'ar, in kuwa sana'ar ce da me zan riƙe gida? Gidajen nan bakwai in koma in ce musu me? Ki gaya mini gaskiya ko mai ɗaci ce, amma don Allah kada sunana ya fito.

Naki cikin damuwa,
Mai haɗa sauti

Ɗana mai haɗa sauti,

Na karanta wasiƙarka har sau biyu, kuma zan fara da abin da ba ya jira. Kwalbar nan ta cikin jakarka, fito da ita ka zubar. Ba ka san abin da ke cikinta ba, ba ka kuma san halin da cikin kunnenka yake ba. Kai da ba za ka yarda a tsiyaya wa amfilifaya ruwan da ba a sani ba, kada ka yi wa kanka. Haka tsinke, auduga, kan ashana, murfin biro, kada ko ɗaya ya shiga.

Na biyu, asibiti, wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, ba sai ka gama aikin gidan wane ba. Ni ba likita ba ce, ba zan duba ka daga kan takarda ba. Abin da na sani shi ne kunne ɗaya da ya yi rauni tare da fito abu ne da likitoci ke son gani da wuri, kuma dalilansa suna da yawa. Akwai masu sauƙi, kamar dattin da abin toshe kunne ke turawa ciki yau da gobe har ya cushe hanya, ko ruwa da ya taru, waɗanda ake magancewa mutum ya fito yana mamaki. Akwai ɓarnar ƙara, wadda yawanci abin da ta ci ba ya dawowa, amma ana iya tsayar da ita inda ta kai. Akwai kuma waɗanda ba su cika faruwa ba, irin wanda ya sa ka kife waya, su ma an fi iya musu in an gan su da wuri. Gwajin ba shi da zafi. Za a leƙa kunnen da fitila, a sa maka abin ji a kai, ana sako sauti kana nuna alamar ka ji. Ka gaya wa likita komai yadda ka gaya mini, har gargaɗin da ka kashe. In kuma jin ya ƙara faɗuwa farat ɗaya, ko jiri ya kama ka, a ranar za ka tafi, ba washegari ba.

Ka ce muddin ba ka je ba kana iya cewa wataƙila. Na fahimta, amma dubi abin da wataƙilar nan take ci maka. Mutumin da ke toshe kunne a banɗaki sau hamsin a yini ba kwanciyar hankali yake da ita ba.

Ka tambaye ni wa ya cuce ka, iyafis ko sana'a. Ba zan yanke ba, tunda kunne ɗaya ka ba su su biyun suka yi ta aiki a kansa. Amma ba na cikin masu cewa kayan zamani annoba ne. Kana da gaskiya cewa sauti mai kyau ni'ima ce, kuma siririyar talabijin ba ta da murya, ni ma tawa sai na kasa kunne. Matarka ita ma tana da gaskiya, domin kyau daban, ƙarfi daban, kuma falon da kofuna ke kaɗawa a cikinsa ba kunnenka kaɗai ke zaune a ciki ba. Akwai na yaranka, waɗanda ba wanda ya nemi shawararsu, kuma wannan ya fi damuna fiye da gidajen mutane bakwai. Ba sai an kwashe sifikun ba, a rage su zuwa inda mutum zai yi magana da na kusa da shi ba tare da ɗaga murya ba. Iyafis kuwa ka ajiye shi gaba ɗaya har likita ya gan ka. In ya ba ka izini daga baya, ka mayar da gargaɗin wayar, kada ƙarar ta wuce rabi da ɗan kaɗan, ka riƙa hutar da kunnen, kada kuma ka sake yin gasa da injin yanka tayil. A wurin aiki mai ƙara ka sa abin kare kunne irin na masu aikin masana'anta. Ka daina manna kai a jikin sifika tana bugawa, kada ka ce tunda hagu ya gaza bari a ba dama aikin.

Maganar sana'a, rage wa kanka tsoro. Huda bango, ɓoye waya, sanin inda sifika za ta zauna a falo mai lungu, duk wannan a kanka yake da hannunka, shekara goma sha shida ba su je ko'ina ba. Abu ɗaya ne ya taɓu, saitin ƙarshe, shi kuma na'urar da kake yi wa dariya tana yin sa. Sauke girman kai ka nemi ɗaya daga abokan sana'arka ya nuna maka. Ka auna da ita, sannan ka zaunar da mai gida a kujerarsa ka tambaye shi yadda ya ji, tunda shi zai zauna da abin. Da ka saba yin haka, da tun kiran mai kantin magani ka farga.

Gidajen bakwai ka koma musu. Ba dole ka ba kowa tarihin lafiyarka ba, ka ce ka gano kuskure a saitin da ka yi ka zo gyarawa, aikin minti goma ne. Mutane ba su cika gudun mai aikin da ya dawo da ƙafarsa ya gyara kuskurensa ba, wanda suke gudu shi ne mai cewa sai kunnenka ya saba. Dillalin kuma haƙƙinsa na wuyanku, ku kira shi ku ba shi haƙuri. Wannan ba zai yiwu ba sai yayanka ya sani, don haka ka gaya masa, amma bayan ka dawo daga asibiti, da bayanin likita a hannu da tsarin yadda za ka ci gaba da aiki. Irin yayanka ya fi saurin yarda da tsari fiye da hawaye. Yana iya cewa ka rage fita na ɗan lokaci, in kuma ya faɗa ba ƙiyayya ba ce, shagon na ku biyu ne. Malamar nan ma ka koma ka yi mata godiyar da ba ka yi ba.

Matarka kuwa ba ta jiran bayanin likita, yau za ka gaya mata. Kana ganin kana kare ta daga kuka, alhali ka bar ta tana binciken kanta tana neman laifin da ba ta yi ba, wannan ya fi kuka ciwo. In ta ce ai ta faɗa, to ta faɗa ɗin, ka haɗiye. Ka roƙe ta ta raka ka asibiti, domin mai tsoro ba ya riƙe rabin abin da likita ya ce.

Game da mahaifinku, Allah ya gafarta masa. Na ji nauyin da kake ɗauke da shi, ka yi masa addu'a ka yafe wa kanka. Amma lura da abin da ka rubuta da hannunka. Ba kurumta kaɗai ta fitar da shi daga hira ba, mutanen gida ne ba su san yadda za su zauna da shi ba, ban kuma ji ka ce an taɓa kai shi an auna ba. Yau akwai na'urorin ji ƙanana da ake saita wa mutum daidai da rauninsa in ta kai ga haka, kuma duk duniya kai ne bai kamata ka ji kunyar sa na'ura a kunne ba. Iyalin da aka gaya wa gaskiya da wuri suna koyon fuskantar mutum in za su yi magana, su rage talabijin, su kira shi kafin su fara. Waɗanda aka ɓoye wa kuwa haushi kawai suke ji.

Ba zan yi maka alƙawarin na hagu zai dawo ba, ban sani ba. Wataƙila ka fito daga ɗakin likita kana yi wa kanka dariya, wataƙila ka fito da labarin da zai ɗauke ka lokaci kafin ka saba da shi. Ko wanne ne za ka iya ɗauka, ba kuma kai kaɗai za ka ɗauka ba. Abin da ba zan yafe maka ba shi ne ka zauna kana makokin kunnen da ba a ma duba ba, har ka yi sakaci da wanda ke ji lau, domin ba ka da na uku. Gobe da safe ka gaya wa yayanka kana da uzuri, ku kama hanya kai da matarka.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa abin ya zo da sauƙi, ya bar ka da jin muryar iyalinka har tsufa.

Taka,
Gwaggo